Kwantaccen cikin Yaya Hure

Da kakar bana Yaya Hure ta cika shekara arba'in da biyu a ƙasa. Sai da na ƙirga sau biyu kafin in yarda, don na kai shekarun da mutum zai shiga ɗaki ya tsaya yana tambayar kansa abin da ya kawo shi. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, tazarar shekara tara tsakaninmu. A bayanta na yi wayo, ita ce kuma ta ja hannuna zuwa firamaren Ƙanƙara ranar farko, ina kuka tana dariya. Mace ce mai tsokana, ba wanda ya shigo gidanmu ya fita ba ta laƙaba masa suna ba, ni kuwa tun da na fara karanta allon makaranta take ce mini Sule mai bakin Turawa. Yanzu na kusa ninka shekarun da ta yi a duniya, gemuna ya yi fari fat, amma duk sanda na tuna ta sai in ji ni ne ƙaramin.

Masu bin wannan fili sun san ni da surutu a kan makarantu da lalacewar tarbiyya. Yau su yi haƙuri, kaina zan kama. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, kuma duk waɗanda za ta sosa wa rai sun riga ni tafiya.

Tun tana budurwa Yaya Hure take fama da ciwon mara. Duk wata sai ta yi kwana uku ba ta miƙe tsaye ba. Ina yaro nakan gan ta durƙushe a bayan rumbu, ta kifa kanta a kan turmi, zufa na ɗiga daga haɓarta, ba ta kuka, ba ta magana. In na tambaya sai Inna, mahaifiyarmu, ta ce in wuce in ba mutane wuri. Tsofaffi suka ce aure ne maganinsa. Aka yi auren, da wanda take so, Malam Isiya na Daudawa, manomin auduga, mutum mai sanyin hali da son barkwanci. Ciwon bai san an yi aure ba. Sai suka ce to haihuwa ce maganinsa. Shekara goma sha ɗaya suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an sha jiƙo, an je wurin wata tsohuwa a Sabuwa mai turara mata da saiwoyi, har sai da zannuwan Yaya duka suka kama warin hayaƙi. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, amma na lura ta daina zuwa gidan suna da wuri, sai an watse take leƙawa ta yi barka.

Shekarun nan kuwa su ne na kuɗin mai. Matasan yanzu ba za su gane ba. Naira sabuwa ce, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malamin makaranta ya sayi babur da rediyo, manyan motoci suna ta kwararowa da siminti. Ni ina koyarwa a Sabuwa a lokacin, shekarata ashirin da huɗu, ga babur ja, ga Turanci a baki, kai ya kumbura. Gani muke babu abin da ya gagari zamani. Ni na tsaya kai da fata cewa a bar turare-turaren nan a kai ta babban asibiti a Zariya. Inna ta yi ta jan ƙafa. Malam Isiya ya ce in dai ɗan boko ya faɗa ai shi ke nan, ya sayar da bijimi ɗaya muka tafi.

Likitan da ya duba ta Ba'indiye ne, dattijo mai furfura, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ya ce sai an buɗe ciki. Aka buɗe, muka yi wajen awa uku muna zaune a baranda. Da ya fito ya kira mu, ya nuna mana abin da ya ciro a cikin wata farar tasa. Wata jaka ce mai girman lemun zaƙi, an tsaga ta, cike da tsohon jini da ya yi baƙi ya yi kauri kamar maɗi. Inna ta kalla sau ɗaya ta juya baya tana neman tsari. Ya yi mini bayani, har da zane a takarda. Ciwon, in ji shi, sunansa endometriosis. Irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne yake tsirowa a waje, a jikin ƙwan mace da hanji. Kowane wata shi ma sai ya yi jini, amma ba shi da hanyar fita, sai ya taru ya daskare, ya manne kayan ciki da juna, ya toshe hanyar haihuwa. Ya ce ya ciro wanda ya gani, ya ɓamɓare abin da ya manne, amma akwai ƙanana da wuƙa ba ta iya kamawa. Wannan ɓangaren na taƙaita musu shi yadda za su gane, har ina jin daɗin kaina.

Ranar sallama ce ta kashe ni. Muna cikin ofishinsa da hantsi, Yaya a kan kujera ta rufe kai da mayafi, Malam Isiya a tsaye a bayanta, Inna ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa. Likita ya ajiye gwangwanin ƙwayoyi a kan tebur, ya ce in saurara da kyau, abu uku zai faɗa. Na ɗaya, ta sha ƙwayar kullum har wata shida, don a kashe ragowar ciwon. Na biyu, ƙwayar za ta ɗauke mata jinin al'ada gaba ɗaya, za ta riƙa jin tashin zuciya, ƙirjinta zai ciko, jikinta zai yi nauyi, duk wata alama ta mai ciki za ta gani, amma ba ciki ba ne, ba ma za ta iya ɗaukar ciki ba muddin tana sha. Na uku, kuma shi ya fi nanatawa yana buga yatsa a tebur, da zarar ƙwayar ta ƙare, watannin da ke biye su ne damarta. Ta dawo ya duba ta, kuma kada ta yi nesa da shimfiɗar mijinta, don ciwon yana dawowa, ƙofar da ya buɗe ba za ta daɗe a buɗe ba.

Ya gama ya zuba mini ido. Ni kuma na dubi Inna a ƙasa, na dubi mayafin Yaya. Jama'a, ta ina zan fara? Ni auta, in buɗe baki a gaban uwar da ta haife ni in ambaci jinin yayata da ƙirjinta da shimfiɗar mijinta? A gidanmu ko kalmar ciki ba a furtawa, sai dai a ce wance ba ta jin daɗi.

"Mi ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce aiki ya yi kyau. Ta sha maganin kullum, kada ta tsallake, bayan wata shida a dawo."

"Duk wannan dogon zancen shi ke nan?"

"Ai kin san Turanci, Inna, tsawo gare shi."

Malam Isiya ya yi dariya. Likita bai yi ba. Ya tambaye ni ko na faɗa musu duka, na ce masa na faɗa. A zuciyata na ce in mun koma gida zan samu Malam Isiya shi kaɗai in yi masa bayani, tunda akwai wasa tsakanin mutum da mijin yayarsa. Wallahi da wannan niyya na fito. Sai hutu ya ƙare na koma Sabuwa, na ce sai Juma'a mai zuwa, Juma'ar ta zo na ce sai ta gaba.

A wata na biyu aka aiko mini cewa Inna na nemana. Na same ta tana ta fara'a, ta yi ta sa mini albarka, ta ce maganin Zariya ya ci. Wata ya ɓace wa Yaya, tana amai da safe, ba ta son warin daddawa. An kira Gwaggo Tabawa, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, ta je har Daudawa ta shafa ta ce ciki ne, ba ko tantama. Ni da na san abin da ke cikin gwangwanin nan, na zauna aka dama mini fura na sha.

Na dai yi yunƙuri sau ɗaya. A wata na biyar na hau babur na je Daudawa musamman don maganar. Na tarar da Malam Isiya a ƙofar gida yana faskare. Itacen wankan jego yake tarawa, wanda al'ada ta ɗora wa miji, ya jera shi ya kusa kai tsayin katanga. Yana ganina ya jefar da gatari ya ce, "Kawun yaro, ka zo duba aiki? Ka hwaɗa ma yayarka ko tagwaye ta haihwa itace ba ya ƙarewa." Shekara goma sha ɗaya na san mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na sani sarai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma sani daban, yi daban. Na taya shi jera itace har la'asar, na hau babur na koma.

Ƙwayar ta ƙare a ƙarshen wata na shida. Maganar komawa Zariya Inna ta kashe ta nan take, ta ce ba mai ɗora mai juna biyu a kan wannan hanya mai gargada. A wata na bakwai kuma aka yi abin da ake yi wa kowace mai cikin fari, aka je Daudawa aka ɗauko ta goyon ciki, ta dawo ɗakin Inna a Ƙanƙara ta zauna har sai ta haihu. Mai karatu ya lura da kyau. Watannin da likita ya buga yatsa a tebur saboda su, su ne daidai watannin da muka raba ta da mijinta, da hannunmu, da murna, har da guɗa. Malam Isiya ya biyo da itacen a mota aka jibge a bayan ɗaki, ya kuma kawo ɗan rago fari aka ɗaure.

Wata tara ya cika, goma ya wuce. Jini ya dawo. Na ce to, gaskiya za ta fito da kanta ba sai na yi magana ba, har na ji sanyi a raina. Ashe ban san tsofaffi ba. Gwaggo Tabawa ta zo ta shafa, ta daɗe tana shafawa, ta ce cikin ya kwanta. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa a ƙasarmu ya san kwantaccen ciki, kowa yana da labarin wata da nata ya yi shekara uku ko huɗu kafin ya tashi. In ciki ya kwanta, in ji su, mace tana ganin jininta, ɗan yana nan a naɗe yana barci, sai ranar da Allah ya tashe shi. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa dai al'ada ta zo ta ƙara masa zurfi. Aka ce Yaya ta ci gaba da zama a ɗakin Inna a ga ko zai motsa.

Ana cikin wannan jira sai motar auduga ta kife da Malam Isiya a hanyar Funtuwa. Ko shurawa bai yi ba. Yaya ta shiga takaba, malamai suka ce takabar mai ciki ba ta fita sai ta haihu. Aka zo rabon gado, suka ce shi ma ba ya rabuwa sai an ga abin da aka haifa, kuma littafi ya yarda ciki ya kai shekara biyar. 'Yan uwansa mutanen kirki ne, ba su yi gardama ba. Suka ci gaba da noma sauran gonakin, babbar gonarsa ta bakin hanya kuwa suka bar ta, suka ce ta yaron ce, ba mai sa mata garma.

Na sha wucewa ta wurin da rana tsaka. Hagu auduga fara ƙal, dama auduga, a tsakiya fili guda ya cika da ciyawa da sabara, shiru. Mata masu cirar auduga ba sa ratsawa ta ciki, zagayewa suke yi. Yaran Daudawa suna ce mata gonar mai barci, in sun zo kusa sai su rage murya. Ni kaɗai na san babu kowa, amma ni ma in na zo daidai wurin sai in tarar na rage wa babur wuta ban sani ba.

A gida kuwa Yaya ta zauna cikin takaba shekara bayan shekara, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Wani malami daga Ruwan Godiya ya aiko neman aurenta, aka ce masa ai matar tana da ciki. Gara ta ci itacen, Inna ta sa aka saro wani, ta sake ci aka sake sarowa. Ragon ya girma ya tsufa a turke, ƙahonsa ya naɗe har yana taɓa idonsa, Salla tana zuwa tana wucewa ba wanda ya dube shi da wuƙa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunyar ɗan fari da take yi wa ɗan cikin. Kun san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. To haka Yaya take yi. In mata suka tambaye ta ya mai barci, sai ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce su tambayi Inna, ai baƙonta ne. Amma in tana ganin ba kowa, sai a jiyo ta tana magana ƙasa-ƙasa, tana yi masa faɗa, irin faɗan da take yi mini ina yaro in na ƙi tashi makaranta. Ciwon ya dawo kamar yadda likita ya faɗa, ya ma fi na da. Ita kuwa in ya murɗe ta sai ta ce yaron ne ke juyi.

Wata rana a shekara ta huɗu na zo gida da azahar, cikin zafin bazara. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, gidan ba motsin kowa sai ragon da ke haki a inuwa. Yaya tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ta rame, cikin ne kawai a gaba. Ta ce, "Sule, zo nan. Kai da ka yi boko, taɓa ka ji." Kafin in ce wani abu ta kama hannuna ta ɗora a kan zanenta, sama kaɗan da inda aka yi mata ɗinki. Na ji wani abu mai tauri, zagayayye. Sai ya gusa a ƙarƙashin tafin hannuna, a hankali, daga dama zuwa hagu. Na fizge hannuna. Ta yi murmushi ta ce, "Ka ji kau? Ya san kawunshi." Daga baya na tambayi likitoci fiye da ɗaya, suka ce jakar jinin ce ta sake taruwa, hanji kuma yana motsi a bayanta. Na yarda da su, ilminsu ne. Amma ranar ban iya cin abinci da hannun nan ba.

Nakan zauna in yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Kwanakin baya jikata ta miƙo mini waya, ta ce Kaka ga hoton ɗan da ke cikina, ga kai ga ƙafa. Ko a jikinta. Na ce ikon Allah, na kawar da kai, amma can na ce ta sake nuna mini. Yanzu na'ura ake ɗorawa a ciki, nan da nan a ce akwai ko babu. Irin aikin da aka tsaga Yaya aka yi, an ce yanzu ta 'yan ƙananan huji ake yin sa, wadda abin ya gagara kuma har haɗa mata ƙwai ake yi a waje a mayar, in tana da hali. Akwai likitoci mata, 'ya'yanmu, da Hausa a bakinsu, ba mai buƙatar wani auta ya tsaya a tsakani. Na ji wata a rediyo tana bayanin wannan ciwo, tana kiran komai da sunansa da rana tsaka, tana cewa ciwon mara mai kayar da yarinya duk wata ba abin haƙuri ba ne, a je a duba. Da Yaya ce da ta toshe kunne ta ce zamani ya lalace, sannan in an watse ta lallaɓo ta tambayi wace rana ake maimaitawa.

Ni da nake cika wannan fili da kukan rashin kunyar 'ya'yan yanzu, ina sane da abin da nake faɗa. Kunya ado ce, har gobe ina kan bakana. Amma akwai ɗakin da in za a shiga sai a tuɓe ta a ƙofa tare da takalmi, ɗakin likita kuwa yana ciki. Abin da ban sani ba shi ne ko Yaya za ta yarda ta kwanta a ɗora mata na'urar nan. A shekarar farko na tabbata za ta yarda. A ta biyar ba zan iya rantsuwa ba.

Ba kuma komai ne ya ci gaba ba. Hanyar da muka bi a motar haya zuwa Zariya ba fargaba, yau mai mara lafiya sai ya yi shawara da ransa kafin ya bi ta. Na daɗe ban taka Daudawa ba saboda halin da ake ciki. Wani da ya zo daga can ya ce mini gonaki da yawa na gefen Faskari da Sabuwa sun koma ciyawa da sabara, masu su sun gudo gari. Na tambaye shi gonar mai barci, bai ma san sunan ba, ya ce ai yanzu duk haka suke.

Takabar tana cikin shekara ta biyar, da kaka, ciwon ya kayar da ita gaba ɗaya. Cikin ya kumbura, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Malamin asibitin garinmu ya zo ya duba, ya ja ni gefe ya ce hanji ne ya toshe, in ba a kai ta an yi aiki ba, ba za ta yi kwana uku ba. Na samo mota. Yaya ta ce ba inda za ta, ba mai sa wuƙa kusa da yaron. Inna ta goyi bayanta. Na roƙi Inna ta ba mu wuri, ta fita tana kallona. Da hantsi ne. Na durƙusa a bakin gadon na faɗa mata duka. Abu ukun nan na likita, da kalmomin da na kasa furtawa shekara shida da suka wuce, na furta su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba abin da ya same ni, ƙasa ba ta tsage ba.

Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Watannin da ya ce, waɗanne ne?"

"Daga ƙarewar maganin, Yaya."

Na ga yatsunta suna motsi a kan zane, tana ƙirgawa. "Lokacin ina nan ɗakin ke nan. Shi kau yana Daudawa."

"E."

"Yana zuwa duk ranar kasuwa, ya tsaya a zaure ya gaida Inna ya koma. Ko leƙowa ba ya yi, wai kunya."

Na jira ta zage ni, wallahi da ta yi da na samu sauƙi. Sai ta tambaya ko Inna ta sani, na ce a'a. Ta ce to kada in faɗa mata, ta tsufa, da me za ta ji. Na ce na yi alkawari, amma ta tashi mu tafi, mota tana waje, yanzu ta san ba wanda wuƙa za ta taɓa.

"Sule," in ji ta, "in suka buɗe suka iske ba kowa, wa na zamna jira duk shekarun nan? Ka sallami mai motar."

Na yi magiya har azahar, na kira kawunmu ya yi, na kira liman ya yi. Ba ta sake tanka wa kowa a kan maganar ba. Ta juya ta fuskanci bango, hannunta a kan cikin. Washegari bayan la'asar ta cika. Da aka fito da ita ƙofar gida, kafin a yi salla, liman ya matso kusa da ni a gaban dangi, ya tambaya a hankali ko gaskiya ne da juna biyu ta rasu, don mutane su sa yaron a addu'a. Inna tana bayan zaure tana ji. Na ce haka ne.

To me ya rage na Yaya Hure? Ba ta bar hoto ba, ɗakin ma ya rushe an yi shago a wurin, waɗanda suka san muryarta ba mu fi uku ba. Ni dai ta bar mini abu guda. Tun daga ranar ban sake tsayawa tsakanin mara lafiya da likita na rage kalma ba, 'ya'yana mata sun san ubansu da tambayar da ke sa su sunkuyar da kai. Kaɗan ne wannan, bai kai abin da ta rasa ba, da-na-sani kuwa ƙeya ce. Allah ya jiƙanta da rahama, ita da Malam Isiya da Inna, ni kuma ya yafe mini.

Wanda ya fi ta daɗewa shi ne yaron. Inna har ta rasu in tana ƙirga jikokinta da shi take farawa, don shi ne na babbar ɗiya. Bayanta dangi suka ɗauka. Akwai 'ya'ya da jikoki da aka haifa bayan shekaru, ba su san fuskar Yaya ba, amma sun san tana da ɗa da ya tafi tare da ita, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi aka san namiji ne. Duk shekara in lokacin ya zagayo ana dakan gumbar sadaka a gidana, ƙwarya biyu, ɗaya tata ɗaya tasa. Don Inna na fara, Inna ta tafi ban daina ba.

Da na gama wannan rubutu ranar Laraba sai na karanta wa mai ɗakina, ita ce ta fara jin maganar bayan Yaya. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Na ce alhamdulillahi, na sauke. Da safiyar Alhamis ta leƙo tana ɗaura ɗankwali, ta ce za a jiƙa gero, "To Malam, bana ƙwarya nawa?" Takardun suna kan cinyata, kuma duk abin da ke cikinsu ni na rubuta da hannuna. Na ce ta yi biyu.